Sayen fili ba sayen ma'adinan da ke ƙarƙashinsa ba ne

An daɗe ana faɗa tsakanin 'yan kasuwarmu na Agege cewa wanda ya sayi fili a gida ya mallaki zinariya ko kuzar da ke ƙarƙashinsa. Sai dai sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya damƙa ma'adinai da man fetur da iskar gas a hannun gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta haramta haƙa babu lasisi.

Kafin ka zuba jari a harkar haƙar ma'adinai, karɓi lambar lasisin haƙar, ka tantance sunan mai shi da wa'adinsa a ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja, domin lasisin bincike ma bai halatta haƙa don sayarwa ba. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.