Waiwaye: yadda kwamfuta ta koyi kwashe shararta

Duk manhajar da ke aiki aron wuri take yi a memorin kwamfuta, kuma aro sai an mayar. A C, ɗaya daga cikin yarukan da ake rubuta manhaja da su, mai rubuta manhaja ne ke mayarwa da hannunsa. In ya manta, memori ya cika. In ya yi gaggawa, manhaja ta koma ta taɓa wurin da aka riga aka ba wani. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na kafofin ɓarakar tsaro da yake toshewa duk shekara, tushensu kurakuran memori ne.

Abin mamaki, maganin ya girmi C ɗin kansa. A 1959 John McCarthy na jami'ar MIT a Amurka ya tsara wa yaren Lisp dabarar kwashe shara: idan wuri ya ƙare, a tsayar da komai, a bi sawun duk abin da manhaja ke iya kaiwa gare shi a sa masa alama, sauran a share. A 1960 George Collins ya zo da hanyar ƙirga: kowane abu a riƙa lissafa masu nuni gare shi, da zarar sun kai sifili a sallame shi. Cikas ɗinta shi ne abu biyu da ke nuna juna ba sa taɓa kai sifili. Sai a 2000 yaren Python, mai bin hanyar ƙirga, ya ƙara mai tsinto irin waɗannan.

Amma tsayawar nan ta McCarthy ita ce ƙadangaren bakin tulu, kuma a ganina yaƙi da ita ne ya cinye yawancin tarihin. A farkon shekarun 1980 masana, cikinsu har da David Ungar a 1984, suka lura cewa yawancin abubuwan da manhaja ke ƙirƙira ba sa daɗewa. To me zai sa a bincike memori gaba ɗaya? Sai a yawaita share sashen sababbi, tsofaffi kuwa jefi-jefi. Kan haka .NET, dandalin rubuta manhaja na Microsoft, ta kasa memorinta aji uku: 0, 1 da 2.

Java, wadda ita ma yare ce da ta fito a 1995, ita ta kai dabarar kasuwa. A 2017 ta mayar da G1 mai kwashe shararta na yau da kullum, a 2018 ta gabatar da wani sabo mai suna ZGC, wanda ke yin yawancin aikinsa manhaja na gudana. Ba kyauta ba ne, da ƙarin memori da ƙarfin injin ake biya. Shi ya sa Rust, wani yaren daban, da ta tsaya da ƙafafunta a 2015, ta bar mai kwashe shara, ta zaɓi tantance mamallakin kowane wuri tun kafin manhaja ta fara aiki.