Haƙƙin majinyaci na sanin abin da ake yi masa: abin da doka ta ɗora wa ma'aikatan jinya

A mafi yawan ƙasashen duniya doka ba ta yarda a taɓa jikin baligi mai hankali da sunan magani ba sai da yardarsa, kuma yardar ba ta inganta sai an yi masa bayanin da ya gane. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda asibitoci da dama suka mayar da wannan ƙa'ida takarda guda da ake miƙo wa mutum da biro ana dab da shiga da shi ɗakin tiyata. Sa hannu shaida ce kawai cewa an yi magana. Idan mai sa hannun bai san abin da za a yi masa ba, bai san haɗarinsa ba, bai san yana da zaɓi ba, to takardar ba ta wanke kowa a gaban kotu.

Ƙa'idar ta daɗe. A shekarar 1914 alƙali Benjamin Cardozo na wata kotu a jihar New York ta Amurka ya yanke cewa duk baligi mai cikakken hankali shi ke da ikon cewa ga abin da za a yi da jikinsa. Amma hukuncin da ya fi fayyace yawan bayanin da ake bukata shi ne na shari'ar Montgomery, wanda Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2015. Matar da ta kai ƙarar mai ciwon sukari ce, mai ƙaramin jiki, tana ɗauke da babban jariri. Akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin 100 cewa kafaɗun jaririn za su maƙale wajen haihuwa, likitarta kuwa ba ta gaya mata ba, don tana ganin in ta ji za ta zaɓi a ciro shi ta hanyar tiyata. Kafaɗun suka maƙale, yaron ya rasa iska, ya tashi da naƙasa ta har abada. Kotu ta ce ma'aunin ba abin da likitoci suka saba faɗa ba ne. Ma'aunin shi ne duk haɗarin da mutum mai hankali, in yana cikin halin wannan majinyaci, zai ɗauka da muhimmanci, da kuma duk abin da likita ya san wannan majinyacin na gabansa zai damu da shi.

Wasu ƙasashen sun rubuta abin ƙarara a dokokinsu. Sashe na 6 na Dokar Lafiya ta Afirka ta Kudu ta 2003 da sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Najeriya ta 2014 kusan magana ɗaya suke yi: a sanar da majinyaci halin da lafiyarsa take ciki, da gwaje-gwaje da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowace hanya da haɗarinta da kuɗinta da abin da zai biyo bayanta, da kuma cewa yana da ikon ƙin yarda, tare da bayyana masa abin da ƙin zai jawo. Dokokin biyu sun ƙara da sharaɗin da aka fi sakaci da shi, wato a yi bayanin, gwargwadon hali, da harshen da mutum yake ji, kuma a yi la'akari da ko ya iya karatu. A Afrilun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundin haƙƙoƙi 10 na majinyaci, kuma haƙƙin samun bayani da ilimantarwa da taimako wajen yanke shawara yana cikinsu.

To ina ma'aikacin jinya ya shigo? Aikin a rabe yake. Wanda zai yi tiyata ko wani babban aiki shi ke da alhakin bayyana shi da neman yarda, ba ya halatta ya tura nas ta karɓo masa sa hannu a kan abin da bai yi bayaninsa ba. Nas shaida ce, kuma shaida mai ido. Idan ta tambayi majinyaci me za a yi masa gobe ya ce shi dai an ce ya sa hannu, ko ya ambaci ƙafar dama alhali takarda ta ce ta hagu, wajibinta ne ta dakatar da shirin ta kira likita ya dawo ya sake bayani. Amma a ayyukan da ita take yi da hannunta, kamar allura, sa ƙarin ruwa, sa robar fitsari, wanke ciwo, neman yardar yana kanta. Ba sai da takarda ba; ta faɗi abin da za ta yi da dalilinsa, ta jira amsa. Kundin ɗa'ar aiki na Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, wanda aka fara amincewa da shi a 1953 aka kuma sabunta a 2021, ya ɗora wa nas tabbatar da cewa majinyaci da iyalinsa sun sami bayani ingantacce, isasshe, a kan lokaci, kuma a yanayin da za su iya ɗauka. Hukumomin da ke ba da lasisin aikin jinya a ƙasashe da yawa suna da irin wannan tanadi a nasu kundin, kuma suna hukunta wanda ya saɓa.

Kalmar “a kan lokaci” tana da nauyi. Mutumin da ke murƙususun ciwo, ko wanda aka yi wa allurar kashe zafi mai sa maye, ko wanda yanzu aka gaya masa yana da ciwon daji, ba ya cikin halin riƙe magana. Ko mai lafiya ma yakan manta da yawa daga abin da aka faɗa masa a asibiti kafin ya kai ƙofa, abin da ya riƙe kuma wani sashensa a karkace yake. Shi ya sa ilimantar da majinyaci ba aikin ranar sallama ba ne. Tun ranar da aka kwantar da shi ake farawa, kaɗan-kaɗan, abu biyu ko uku a zama ɗaya, a fara da wanda in an kuskure shi zai iya kisa.

Tambayar “ka gane?” ba ta tabbatar da komai, domin kusan kowa zai gyaɗa kai, wani don kunya, wani don ganin nas tana sauri. Hanyar da ta fi inganci ita ce a sa mutum ya maimaita da bakinsa, kuma a ɗora laifin rashin fahimta a kan mai bayani: “Ina so in tabbatar na yi miki bayani yadda ya kamata, faɗa mini yadda za ki sha wannan maganin in kin koma gida.” In ta kuskure, a sake bayani da wasu kalmomin daban, a sake tambaya. In abin na yi da hannu ne, baki bai isa ba. Mai ciwon sukari ya zuƙi insulin cikin sirinji da kansa, ya fitar da kumfar iska, ya soka a gaban nas. Mai asma ya girgiza abin shaƙarsa, ya fitar da numfashi, ya danna yana jan iska a hankali, ya riƙe numfashin kamar daƙiƙa 10. Da yawa suna dannawa ne bayan sun gama jan iskar, maganin ya tsaya a baki bai kai huhu ba, su dawo suna cewa ba ya aiki.

A kan magunguna aka fi samun ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa majinyaci 1 cikin kowane 10 yana cutuwa a yayin da ake kula da shi, fiye da rabin cutarwar ana iya kauce mata, kuma kusan rabin wadda ake iya kauce wa ɗin daga magani take. Dalilan sanannu ne ga duk wanda ya yi aiki a ɗakin majinyata. Akwai maganin methotrexate da ake ba masu wasu cututtukan gaɓoɓi da na fata sau ɗaya a mako. Mutane sun mutu saboda sun sha shi kullum, don ba a jaddada musu ba, ba a kuma rubuta musu ranar shansa ba. Farasitamol bai kamata babba ya wuce giram 4 a awa 24 ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, amma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi, sai mutum ya haɗa biyu ya illata hantarsa bai sani ba. Mai shan warfarin don hana daskarewar jini dole ya san cewa asfirin da ibuprofen suna ƙara masa haɗarin zubar jini, ya san ranar gwajin jininsa na gaba, ya san cewa baƙin bayan gida ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa dalili ne na komawa asibiti nan take. Maganin ruwa na yara da sirinji ko ƙoƙon awo ake auna shi, domin cokulan gida girmansu ya bambanta, kuma mililita 5 a takarda na iya zama kusan ninki biyu a cokali. Mai allurar insulin kuwa ba a sallame shi ba tare da ya san alamun faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi, yunwa, ruɗewa. In awon sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ko 3.9 a ma'aunin mmol/L, ya sha kimanin giram 15 na sukari, ya sake aunawa bayan minti 15.

Ranar sallama sai a tattara duk wannan a rubuce, a kuma bi shi da baki: sunan ciwon, abin da aka yi, magungunan da zai ci gaba da sha, waɗanda aka canza, da waɗanda aka dakatar. Na ƙarshen nan ne ake yawan mantawa, sai mutum ya koma gida ya haɗa sabon maganin hawan jini da tsohon da ke cikin akwatinsa, jininsa ya faɗi. A faɗa masa yadda zai kula da ɗinki, ranar dawowa, da alamun da ba a jira da su, irin su zazzaɓin da ya kai digiri 38, ja da kumburi ko mugunya a wurin tiyata, kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko sarƙewar numfashi. Dokar Afirka ta Kudu, a sashe na 10, ta wajabta ba majinyaci rahoton sallama.

Batun tafinta yana bukatar a tsaya a kansa. In nas da majinyaci ba sa jin harshen juna, abu mafi sauƙi shi ne a jawo ɗan rakiya ya fassara, kuma a nan ake tafka kuskure. Ɗan'uwa yakan tausasa mummunan labari, ko ya tsallake abin da yake jin nauyin faɗa, ko ya amsa a madadin mai ciwon. Yaro ƙarami bai dace ko kaɗan a ɗora masa fassara ciwon mahaifiyarsa ba. Ban da haka akwai sirri: bayanin lafiyar baligi nasa ne, ba a buɗe shi ga miji ko mata ko iyaye sai ya ce a faɗa musu. Hanyar da ta dace ita ce a tambaye shi shi kaɗai wa yake so ya zauna a yi bayanin da shi, domin wanda zai kula da shi a gida lallai ya kamata ya koyi abin da ya koya.

Doka ta bar ƙofofi, amma ƙanana ne. In mutum ya zo a sume kuma jinkiri zai kashe shi ko ya naƙasa shi, ana yi masa abin da zai ceci ransa ba tare da jiran yarda ba. In ba ya da ikon yanke shawara, wanda doka ta ba wakilcinsa ne ake yi wa bayani. Dokar Ingila da Wales ta 2005 ta ba da ma'aunin da ya yi suna: shin zai iya fahimtar bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, ya bayyana zaɓinsa? Ana ɗaukar kowane baligi a matsayin mai iko har sai an tabbatar da akasin haka, kuma don ya zaɓi abin da ma'aikata suke ganin wauta ce bai zama hujjar cewa hankalinsa ya gushe ba. Wanda ya ƙi magani ba a yi fushi a kore shi. A bayyana masa abin da zai iya faruwa, a rubuta, a ci gaba da ba shi sauran kulawar da ya yarda da ita.

Ba adalci ba ne a ɗora duk nauyin a kan nas guda, domin bayani lokaci yake ci. Wani bincike da aka yi a asibitocin Ingila, wanda aka wallafa a 2014, ya gano cewa kashi 86 cikin 100 na ma'aikatan jinya sun bar aƙalla aiki ɗaya ba su yi ba a ranar aikinsu ta ƙarshe kafin binciken saboda ƙarancin lokaci. Kashi 66 sun ambaci zama su yi magana da majinyata, kashi 52 sun ambaci ilimantar da su. Tun a 2002 masaniyar aikin jinya Linda Aiken da abokan aikinta suka nuna, daga asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka, cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 da kashi 7 cikin 100. Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka: nas ɗaya ga majinyata 2 a sashen kulawa ta musamman, ɗaya ga 5 a ɗakunan jinya na gama-gari. Saboda haka asibitin da ya rubuta haƙƙin majinyaci ya manna a bango, sannan ya bar nas ɗaya da gadaje 20 cikin dare, shi ma yana da hannu a take wannan haƙƙi, kuma kotuna sukan kama asibiti da laifin sakacin ma'aikatansa.

Kariyar nas da ta majinyaci duka tana cikin rubutu. “An yi wa majinyaci bayani” bai wadatar ba. A rubuta abin da aka koyar, ranar da lokacin, wanda yake wurin, ko an yi amfani da tafinta, yadda aka gwada fahimtarsa, da abin da ya rage bai ƙware ba, don wadda za ta karɓi aiki ta ɗora daga nan. In yawan aiki ya hana yin bayanin, wannan ma a rubuta shi a kai wa shugabar sashe. Majinyacin da yake ganin an tauye masa wannan haƙƙi zai fara da shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin da ya kwanta, daga nan ofishin karɓar ƙorafi na asibitin, sannan hukumar da ke ba ma'aikatan jinya ko likitoci lasisi, kuma yana da ikon neman a ba shi kwafin bayanan da ke cikin fayil ɗinsa kafin ya shigar da ƙorafin.