Retinal mai alama

Retinal mai alama sinadari ne daga dangin bitamin A wanda masana suke sauya wa wani ɗan ɓangare da gangan domin su iya bin sawunsa a cikin ido, kamar yadda makiyayi yake yi wa dabbarsa shaida don ya gane ta a garke.

Aikinsa a ido

A tantanin bayan ido, retinal yana manne da wani furotin mai suna ofsin, kuma haɗuwarsu ce take samar da rodofsin, wanda da shi ake gani idan haske ya yi ƙaranci. Shi ya sa rashin bitamin A yake kawo abin da ake kira dundumi a Sakkwato da sauran ƙasar Hausa. Da zarar haske ya faɗa wa rodofsin, retinal ɗin da yake a lanƙwashe sai ya miƙe cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa, daga nan saƙo ya kama hanyar ƙwaƙwalwa.

Tarihi

George Wald ne ya gano bitamin A a tantanin ido a 1933, ya kuma sami kyautar Nobel a 1967, ko da yake abokiyar aikinsa Ruth Hubbard ta taka rawar da ta fi abin da ake yawan ambata. Tun wajen shekarun 1970, Koji Nakanishi na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya riƙa haɗa ire-iren retinal, ciki har da wanda aka ɗaure da zobe ta yadda ba zai iya miƙewa ba. Da rodofsin ɗin da aka yi da shi ya ƙi amsa haske, sai ya tabbata cewa miƙewar ita ce matakin farko na gani. A Leiden ta ƙasar Holan kuwa, Johan Lugtenburg ya fi karkata ga alamar da ba ta taɓa siffar sinadarin, inda yake musanya ƙwayar kabon da kabon-13 (wani nau'in kabon mai ɗan ƙarin nauyi), ko haidurojin da diyuteriyam (nau'in haidurojin mai nauyi), a gurbin da ya zaɓa. Yawancin wannan aiki da idanun shanu daga mayanka aka yi shi, kuma rodofsin na shanu ne aka fara bayyana cikakken tsarinsa a 2000.

An yi saɓani kan bayanin da aka gabatar a 1979 game da yadda ofsin yake sauya launin hasken da retinal ke sha, daga baya aka yi masa gyara.

Amfani a yau

Ana gwada bitamin A mai diyuteriyam a kan cutar Stargardt, wata cutar ido ta gado mai rage gani, ana kuma auna yawan bitamin A da ke ajiye a hanta ta hanyar amfani da bitamin A mai alamar kabon-13.