Dokar Turai kan sare daji ba ta hana sayen riɗi da citta ba

Ana ta yaɗa cewa Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga amfanin gonar Najeriya, har wasu manoma sun fara tunanin karyar da farashin kayansu. Wannan magana ba haka take ba. Dokar yaƙi da sare daji da Tarayyar ta kafa a 2023, wadda aka ɗage fara aiki da ita daga ƙarshen 2024, kaya bakwai ta ambata: koko, kofi, manja, roba, waken suya, shanu da katako, da wasu kayan da ake sarrafawa daga gare su. Riɗi, zoɓo da citta ba sa ciki. Amma gawayi yana ciki, don daga itace yake.

Ko waɗannan bakwai ɗin ma ba a haramta su ba. Babban sharaɗin shi ne kada a ce an noma su a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020. Gonar gado da aka share tun zamanin kakanni ba ta da laifi.

Inda ake rikicewa shi ne abin da dokar ke kira daji. Fili ne da ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasar, kuma ba gona ba ne, ba gari ba. Don haka gonar gero mai gawo da kuka ba daji ba ce. Amma wanda ya shiga kurmin Omo a Ogun ko na Kuros Riba ya share ƙasan itatuwa ya dasa koko, ya sare daji ke nan, ko da ya bar manyan itatuwa a tsaye. Wanda ya kawar da tsohon kurmi ya jera itacen katako iri ɗaya kuwa, dokar ta ce ya lalata daji, shi ma bai cika sharaɗin ba. Nan dokar ta yi daidai, domin jeren itace iri guda ba zai riƙe giwa da goggon biri ba, kuma iskar kabon da kurmin ya daɗe yana tarawa a itace da ƙasa takan koma sama.

Batun tara kuwa, babu jami'in Turai da zai zo ƙauye ya kama manomi. Hukuncin yana kan kamfanin da ya shigar da kayan kasuwar Turai: ƙwace kayan, da tarar da za ta iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara a Tarayyar, ko ma fiye.

Sai dai tsoron tarar zai gangaro ƙasa. Kamfani zai nemi a nuna masa ainihin inda gonar take a taswira, gonar da ta wuce hekta 4 kuma sai an zana iyakokinta. Ƙaramin manomin da bai taɓa sare daji ba zai iya rasa mai saye don kawai ba a auna gonarsa ba, kuma wannan ba adalci ba ne. Kuɗin awon ya kamata ya fito daga aljihun manyan 'yan kasuwa da gwamnati, ƙungiyoyin manoma kuma su nemi a yi musu shi tun kafin kakar saye.