Firintar gida

Firintar gida ƙaramar na'ura ce da ke fitar da rubutu ko hoto daga kwamfuta ko waya zuwa kan takarda. An ƙera ta ne don aikin mutum ɗaya ko iyali. Kusan duk waɗanda ake sayarwa a yau iri biyu ne: mai fesa tawada, da mai aiki da hasken leza. Da yawansu an haɗa musu sikana a sama, suna kuma yin kwafi.

Tarihi

Tushen firintar leza shi ne dabarar yin kwafi ba da ruwan tawada ba, wadda Chester Carlson ya fara gwadawa a Amurka a 1938, kuma a kanta kamfanin Xerox ya gina injinan fotokofinsa. Wajajen 1969 wani injiniyan kamfanin, Gary Starkweather, ya kawo shawarar a sa hasken leza ya zana shafin kai tsaye daga kwamfuta, ya kuma haɗa samfurin farko a farkon shekarun 1970. Waɗanda suka fara shiga kasuwa, IBM 3800 a 1976 da Xerox 9700 a 1977, manyan injina ne na ma'aikatu. Sai a 1984 HP ta fitar da LaserJet, mai injin Canon a cikinta, wadda za a iya ɗorawa a kan tebur. Tana buga shafi 8 a minti ɗaya, da ɗigo 300 a kowane inci.

Dabarar fesa tawada da zafi kuwa, Canon da HP kowanne ya gano ta a nasa ɓangaren, a ƙarshen shekarun 1970. Ana ba da labarin cewa a ɗakin binciken Canon ƙarfen narka dalma mai zafi ne ya taɓa allurar sirinji mai tawada, sai tawadar ta yi tsartuwa. HP ta fitar da ThinkJet a 1984, sannan DeskJet a 1988. Epson ta bi wata hanya daban: maimakon zafi, ta yi amfani da wani sinadari mai lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, shi yake tunkuɗo ɗigon. Kafin wannan zamani, firintar gida mai allurai ce, irin Epson MX-80 ta 1980, wadda ke dukan ƙyallen tawada da ƙara mai cika kunne. Masu tankin tawada da ake ɗurawa daga kwalba sun fara fitowa wajajen 2010.

Yadda suke aiki

A mai fesa tawada, kan feshi yana kai-komo a faɗin takarda, yana sakin ɗigo ta ɗaruruwan ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Launuka huɗu ake haɗawa: shuɗi mai haske, ja mai ɗaukar ruwan hoda, rawaya da baƙi. Tawadar iri biyu ce. Ta rini tana fitar da hoto mai sheƙi, amma tana zuba idan ruwa ya taɓa ta, tana kuma koɗewa a rana. Ta ƙwayoyin launi ta fi ƙarko, ta fi kyau ga rubutu.

A ta leza, ana caza wata ganga mai jin haske, lezar ta zana shafin a jikinta, garin tona, wato busasshiyar tawada mai kama da hoda, ya manne a wuraren da aka zana, ya koma kan takarda. Daga nan takardar ta ratsa tsakanin nadi biyu masu zafin da ke kusan digiri 200 a ma'aunin Selsiyos, garin ya narke ya kama. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi.

Abin dubawa kafin saye

Farashin na'urar kanta shi ne mafi yaudara a cikin lissafin. Kamfanoni kan sayar da ƙananan firintoci da araha, su mayar da kuɗinsu a tawada. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne kuɗin shafi ɗaya: a raba farashin katirij, wato mazubin tawada ko tona da ake sauyawa idan ya ƙare, da adadin shafukan da aka rubuta zai buga. Wannan adadi ana auna shi ne da ƙa'idar ISO/IEC 24711 ga tawada, da 19752 ga baƙin tona, inda rubutu ke rufe kusan kashi 5 cikin 100 na shafi kawai. Wanda ke buga hotuna ko shafi mai cike da launi ba zai samu ko kusa da adadin ba. Ƙaramin katirij na tawada kan tsaya a shafi 100 zuwa 300, na tona yakan kai 1,000 zuwa 3,000, kwalbar tanki kuwa dubbai. Katirij ɗin da ke zuwa a cikin kwali sau da yawa ba cikakke ba ne.

Abu na biyu shi ne yawan amfani, kuma a nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Mai fesa tawada ba ta son zama. Idan ta yi makonni ba a buga komai ba, tawada takan bushe a kafofin, shafi ya fito da fararen layuka. Wankin kan da na'urar ke yi da kanta tawada yake ci, yana zuba ta a wani soso da ke ciki, wanda shi ma yakan cika. Garin tona ba ya bushewa. Don haka gidan da ba ya buga komai sai takardar makaranta ko fom jefi-jefi, leza mai buga baƙi kawai ta fi dacewa da shi. Mai buga launi kowane mako, tanki ya fi masa sauƙi. Hoto mai kyau kuwa sai mai fesa tawada. Leza mai launi ta fi ƙwarewa a jadawali da zane.

A duba ko kan feshi yana jikin katirij ne ko a jikin na'ura. Idan na jikin na'ura ya mutu, gyaransa kan kusan kai kuɗin sabuwa. Haka a wasu na leza, ganga daban take da tona, tana da nata wa'adin. Katirij mai launi uku a haɗe ana jefar da shi ne da zarar launi ɗaya ya ƙare.

Leza tana jan wuta mai yawa, ɗaruruwan wat a lokacin da take ɗumama, don haka ba a jona ta da ƙaramin batirin ajiyar wuta na kwamfuta. Mai fesa tawada ba ta cika wuce wat 30 ba.

Haɗi: USB ko Wi-Fi. Wasu ba sa kama Wi-Fi sai na zangon 2.4 GHz. Tsarin AirPrint da na Mopria suna ba waya damar bugawa ba tare da sauke direba ba, wato manhajar da ke sarrafa firintar.

Takarda da maƙalewa

Takardar yau da kullum ita ce A4, milimita 210 da 297, mai nauyin giram 80 a murabba'in mita. Amurka da Kanada suna da nasu girman. Takardar da ta sha danshi tana nannaɗewa ko ta shiga bibbiyu. Idan robar da ke jan takarda ta yi santsi da ƙura, a goge ta da ƙyalle mai ɗan laima. Wadda ta maƙale ana jan ta a hankali ta hanyar da take tafiya, don kada guntu ya rage a ciki. Takardar hoto ta mai fesa tawada ba a sa ta a leza, domin rufinta na iya narkewa a kan nadi mai zafi.

Taƙaddama

Wasu kamfanoni na sa guntun lantarki a katirij don na'ura ta ƙi karɓar na wani kamfani. Su suna cewa kare inganci ne, masu sukarsu na cewa toshe gasa ne, kuma batun ya sha kaiwa kotu.