Kwaikwayon Finafinan Dodanni

Kwaikwayon finafinan dodanni wata daɗaɗɗiyar al'ada ce a sana'ar silima, inda ƙaramin kamfani, ko kamfanin wata ƙasa, ke shirya fim mai kama da wani fim ɗin dodo da ya yi kasuwa, domin ya ci albarkacin farin jininsa. Akan ɗauki siffar dodon, ko tsarin labarin, ko suna da zanen fosta, a sauya su daidai gwargwadon da zai hana mai haƙƙin mallaka kai ƙara. Turawa na kiran na baya-bayan nan da sunan mockbuster, Japanawa kuma na kiran manyan dodanni masu rushe birane kaiju. Yawancinsu da kuɗi kaɗan ake yin su cikin gaggawa, amma a cikinsu akwai waɗanda suka tsaya da ƙafarsu har suka samu masoyansu.

Asali

Iyaka tsakanin na asali da na kwaikwayo ba ta da kauri a wannan fanni, domin kusan kowane dodo da wani ya koya. King Kong na 1933, wanda Merian C. Cooper da Ernest B. Schoedsack suka shirya wa kamfanin RKO, shi ake ɗauka a matsayin uba: an kamo gwaggon biri daga wani tsibiri, an kai shi New York don nuna wa jama'a, ya tsinke sarƙa. A shekarar da ya fito kamfanin Shochiku na Japan ya yi wani gajeren fim na barkwanci a kansa, a 1938 kuma aka sake yin wani da ya kai birin tsohon birnin Edo, wato Tokyo ta dā. Dukansu biyu sun ɓace, sai 'yan hotuna da tallace-tallace.

Da aka sake haska King Kong a 1952 ya kawo kuɗi mai yawa, sai Warner Bros. ya saki The Beast from 20,000 Fathoms a 1953, labarin wata dabbar zamanin da da gwajin bam ya tasa daga cikin ƙanƙara. Furodusan kamfanin Toho, Tomoyuki Tanaka, ya san da waɗannan finafinai biyu lokacin da ya tsara Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla. Sai dai abin da ya ba fim ɗin nauyi daga gida ya fito. Ranar 1 ga Maris 1954 tokar gwajin bam ɗin da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ta zubo wa wani jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a cikinsa. Ma'aikacin rediyon jirgin ya rasu a watan Satumba, mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwanni saboda tsoron guba. Fim ɗin ya fito ranar 3 ga Nuwamba na wannan shekara ƙarƙashin darakta Ishiro Honda, kuma a cikinsa akwai wurin da fasinjojin jirgin ƙasa ke ƙorafin gurɓataccen kifi da komawa ramukan ɓuya. Kwafin da aka kai Amurka a 1956 an yanke masa wurare da dama, aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida. Wannan kwafin ne ya zagaya duniya, shi ne kuma mafi yawan masu kwaikwayo suka gani.

Yadda ake haɗa dodo

Dabarar da Willis O'Brien ya yi amfani da ita a King Kong, wadda Ray Harryhausen ya gada, ita ce a ƙera 'yar tsana mai gaɓoɓin ƙarfe, a motsa ta kaɗan a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa a sake ɗauka, har a tara hotuna 24 na daƙiƙa guda. Aiki ne na watanni. Eiji Tsuburaya na Toho, mai kula da dabarun hoton Godzilla, ba shi da wannan lokacin, sai ya sa mutum cikin rigar roba, ya gina masa ƙaramin Tokyo ya tattaka. Rigar farko da Haruo Nakajima ya sa ta kai wajen kilo 100, zafin cikinta kuma ba ya barin mutum ya wuce 'yan mintuna. Nakajima ya riƙa zuwa gidan namun daji yana nazarin tafiyar manyan dabbobi, ya kuma ci gaba da sa rigar har 1972. Ana gudanar da kyamara da sauri fiye da kima, ta yadda idan an haska fim ɗin motsi zai yi nauyi, gini ya faɗi a hankali kamar na gaske. Kukan dodon kuwa, mai kiɗa Akira Ifukube ya samo shi ne ta hanyar goga safar hannu ta fata a kan tsirkiyar babbar gogen Turawa.

Wannan dabara ta riga da ƙaramin birni ita ta buɗe wa masu kwaikwayo ƙofa, saboda duk ƙasar da ke da kafinta da mai sarrafa roba za ta iya yin nata dodon.

Shekarun 1960

A 1961 Birtaniya ta fitar da Gorgo, wanda Eugène Lourié, daraktan fim ɗin 1953 da aka ambata a sama, ya ba da umarni. Masu neman dukiya a ƙarƙashin teku sun kama dodo a gaɓar Ireland sun sayar wa masu wasan nishaɗi a Landan, ashe jariri ne. Uwar ta biyo sawu ta rushe gadar Tower da hasumiyar Big Ben, ta ɗauki ɗanta suka koma teku lafiya. Ba kasafai ake barin dodo da rai a finafinan wancan lokaci ba, kuma wannan ƙarshen ya sa har yau ana girmama fim ɗin. A shekarar ce Denmak ta yi Reptilicus, inda aka haƙo jelar wata dabba ta sake tsiro jiki. Dodon 'yar tsana ce da ake ja da waya, ba ta da ban tsoro, amma wurin da mutane ke gudu a kan gadar Langebro ta Kofenhagen tana buɗewa, masu kekuna na faɗawa ruwa, da mutanen gaske aka ɗauke shi.

A cikin Japan kanta, kamfanin Daiei ya fito da Gamera a 1965, wani ƙaton kunkuru mai haure da ke janye ƙafafunsa cikin ƙoƙo, wuta ta fito ta ramukan, ya tashi sama yana juyawa. Darakta Noriaki Yuasa ya lura yara ne ke cika gidajen silima, sai ya mai da dodon abokin yara, labarin ya koma hannunsu. Jerin ya tsaya da karyewar Daiei a 1971, in ban da wani guda da aka harhaɗa a 1980 daga tsofaffin hotuna. Finafinai uku da Shusuke Kaneko ya yi daga 1995 zuwa 1999 sun ɗaga darajar Gamera sosai, har masu sharhi da yawa na sa su cikin mafi kyawun finafinan kaiju. Shi ne babban misalin ɗan kwaikwayo da ya zama ɗan gida.

Shekarar 1967 ce ƙololuwa, bayan shirin Ultraman, na wani jarumi mai yaƙar dodanni, ya mamaye talabijin a Japan a 1966. Nikkatsu ya yi Gappa, labarin iyaye biyu da suka zo karɓar ɗansu, wanda kamarsa da Gorgo a fili take. Shochiku ya yi Guilala, dodon da ya zo daga sararin samaniya. Koriya ta Kudu, da taimakon ƙwararru daga Japan, ta yi Yongary, mai shan man fetur, wanda ya ɓullo daga wajen iyakar Arewa ya nufi Seoul. Ga mutanen da yaƙinsu bai fi shekara 14 da tsayawa ba, hoton jama'a na gudu da ƙunshin kaya a ka ba baƙon abu ba ne. Yawancin asalin kwafinsa na Koriyanci ya salwanta, wanda aka juya zuwa Ingilishi ne ya rage cikakke. Indiya ma ta yi nata mai suna Gogola wajen 1966, ana kuma lissafa shi cikin ɓatattun finafinai.

Pulgasari

Koriya ta Arewa ta shirya wannan fim a 1985 ta hannun darakta Shin Sang-ok, ɗan Koriya ta Kudu da aka sace a 1978 bisa umarnin Kim Jong-il, ɗan shugaban Koriya ta Arewa na lokacin. An gayyato ma'aikatan Toho, kuma Kenpachiro Satsuma, mai sa rigar Godzilla a lokacin, shi ya sa ta dodon. Labarin ya samo tushe daga tatsuniyar Koriya: wani maƙeri da ke kurkuku ya mulmula ƙaramin dodo da shinkafa, ɗigon jinin 'yarsa ya ba shi rai, yana cin ƙarfe yana girma. Ya taimaki manoma suka kayar da azzalumin sarki, amma yunwarsa ba ta ƙare ba, ya juya kan garmunansu da tukwanensu. Darakta Shin Sang-ok ya tsere a Viyana a 1986. An haska fim ɗin a Japan a 1998. Masu sharhi sun saɓa kan ko da jari-hujja labarin ke habaici ko da gwamnatin da ta biya kuɗinsa.

Bayan Jaws da sabon King Kong

Nasarar Jaws, fim ɗin kifin shak mai cin mutane, a 1975 ta haifar da tsari mai sauƙin kwafa: dabba mai kisa, ƙaramin gari, da hukumar da ta ƙi rufe wurin shaƙatawa don kada a yi asarar kuɗin baƙi. Sai kawai a sauya dabbar. Grizzly ya fito a 1976, Orca da Tentacles a 1977, Piranha na Joe Dante a 1978, Alligator a 1980. Da Dino De Laurentiis ya sake yin King Kong a 1976, birai suka yawaita: A*P*E a Koriya ta Kudu, The Mighty Peking Man na Shaw Brothers a Hong Kong a 1977, da Yeti na Italiya a wannan shekara.

Italiya ta yi fice wajen ɗora lamba biyu a kan fim ɗin da ba nata ba, kamar Alien 2 na 1980, da aka raɓa wa sunan fim ɗin Alien. Furodusa Roger Corman kuwa gwanin riga malam masallaci ne: ya saki Carnosaur makonni kaɗan kafin Jurassic Park a 1993, kuma ya sa Diane Ladd a ciki, mahaifiyar Laura Dern da ke cikin babban fim ɗin.

Zamanin kaset da faifai

Shagunan hayar bidiyo sun sauya lissafi, domin a kan kanta fosta da suna ne ke sayar da fim. Kamfanin The Asylum, da aka kafa a Amurka a 1997, ya mai da abin tsararriyar sana'a daga 2005, lokacin da ya saki nasa War of the Worlds a makon da na Steven Spielberg ya fito. Daga nan sai King of the Lost World a 2005, Monster a 2008, Atlantic Rim a 2013. Kuɗin kowane fim yawanci bai kai dala miliyan ɗaya ba, dodon kuma da kwamfuta ake zana shi. Sharknado na 2013, wanda bai kwaikwayi wani fim guda ba, ya fi sauran suna, ya kai kashi shida zuwa 2018.

Shari'a

Doka ba ta ba kowa mallakar tunani irin na ƙatuwar dabba ta afka wa birni; abin da take karewa shi ne takamaiman siffa, labari da suna. Tun wajen 1925 kotun Jamus ta ba da umarnin lalata kwafin Nosferatu na 1922 bayan ƙarar matar marubucin Dracula, littafin da fim ɗin ya kwaikwaya, amma wasu kwafi sun tsira. RKO ya tilasta wa masu A*P*E sauya sunan da suka fara zaɓa. A 1982 Universal ya samu umarnin kotu aka janye Great White, fim ɗin kifin shak na Enzo G. Castellari, daga gidajen silimar Amurka. Amma Universal ya sha kaye a ƙarar da ya kai Nintendo kan wasan bidiyo na Donkey Kong. A 2012 kotu ta hana The Asylum amfani da kalmar Hobbit, ta fim ɗin The Hobbit, a sunan nasa fim ɗin.

A rayuwar yau da kullum

Mutane da yawa ta hannun na kwaikwayo suka fara sanin dodanni, saboda su ne masu arhar da tashoshin talabijin ke iya saye su cika daren Asabar, su ne kuma ake zubawa a kwandon faifai masu rangwame. Labarin iyaye da suka je sayo wa yaro fim suka dawo da mai kama da shi ya zama ruwan dare tsakanin masu kallo. Shirin talabijin na Amurka mai tsokanar tsofaffin finafinai, Mystery Science Theater 3000, da ya fara a 1988, ya sake fito da Gamera da ire-irensa ga sababbin masu kallo.

Akwai kuma abin da waɗannan finafinai suka adana ba da niyya ba. Dodo yana buƙatar abin da zai taka, don haka sai an ƙera turakun lantarki, jirgin ƙasa, allunan talla da rufin gidaje na garin da ake ciki, taron masu gudu kuma mazauna garin ne cikin tufafinsu na kullum. Mai kallon Reptilicus yana ganin titunan Kofenhagen na farkon shekarun 1960, mai kallon Yongary kuma yana ganin Seoul kafin dogayen benaye su rufe ta. Ƙarshen sunan Godzilla ma ya shiga bakin masu Ingilishi, suna liƙa shi ga duk abin da girmansa ko fitinarsa ta wuce misali.

Taƙaddama

Wasu na ganin sana'ar yaudarar mai saye ce, masu yinta kuma na cewa manyan kamfanoni ma juna suke kwafa. Akan lissafa Ghoulies na 1985 da Critters na 1986 cikin masu bin sawun Gremlins na 1984, masu su kuwa sun ce rubutunsu ya riga shi.

Halin da ake ciki

Kasuwar ta koma manhajojin kallo na intanet da tashoshin kyauta masu talla. The Asylum ya saki Ape vs. Monster a 2021, shekarar da Godzilla vs. Kong ya fito.