Maikoraiza da juriyar fari a dashen bishiyoyi masu ƙwaya

Maikoraiza zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne tsakanin saiwar tsiro da wasu nau'o'in naman gwari, wato fungas, da ke rayuwa cikin ƙasa. Tsiron yana ciyar da naman gwarin da sukari da maiƙon da ya sarrafa, wani lokaci har kashi 20 cikin ɗari na abin da ya samar. Naman gwarin kuma yana kawo masa ma'adanai, musamman fosfaras da zink. Albert Bernhard Frank, masanin tsirrai ɗan Jamus, shi ya raɗa sunan a shekarar 1885 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin naman gwari da saiwa. Dangantakar daɗaɗɗiya ce: an ga alamunta a burbushin tsirran Rhynie na Sikotilan, masu kimanin shekaru miliyan 400. A noman bishiyoyi masu ƙwaya, irin su fikan da almon da fistashiyo da yazawa, an fi ba ta muhimmanci a shekarun farko bayan dashe, lokacin da saiwa ba ta kai ga laimar ƙarƙashin ƙasa ba, fari kuma yake saurin kisa.

Nau'o'i biyu

Nau'in farko na wannan naman gwari yakan kutsa har cikin ƙwayoyin halittar saiwa, ya yi rassa kamar 'yar bishiya, nan ne ake musayar abinci. Shi ya fi yawa a duniya, kuma shi ke tare da almon da fistashiyo da walnot da yazawa. Cikin jinsunansa da aka fi nazari akwai Rhizophagus irregularis da Funneliformis mosseae, wanda aka sa wa sunan Barbara Mosse, mai bincike a Ingila. Ba ya iya kammala rayuwarsa sai da saiwa mai rai.

Na biyu yakan lulluɓe bakin saiwa kamar safa, ya saƙa raga tsakanin ƙwayoyin halitta ba tare da ya huda su ba. Kimanin kashi 2 cikin ɗari na jinsunan tsirrai ne ke da shi, galibinsu bishiyoyi, ciki har da fikan da hezilnot da cesnot. Sanin wannan bambanci wajibi ne ga manomi, domin naman gwarin da ya dace da almon ba zai yi wa fikan safa ba.

Yadda yake taimakawa a lokacin fari

Zaren naman gwari, wato siraran jijiyoyin da yake bazawa cikin ƙasa, ya fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba, kaurinsa bai wuce 'yan maikromita ba (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Saboda haka yakan shiga ƙananan kafofin ƙasa da saiwa ba ta iya shiga, ya kuma yi nisa fiye da inda ta riga ta tsotse. Fosfaras ma'adani ne mai nauyin tafiya ko da ƙasa na da danshi, idan ta bushe kuwa sai ya kusa tsayawa cik. Dashen da ke da zaren yakan ci gaba da samun fosfaras, saiwarsa ta ci gaba da tsawo, ta bi danshi ƙasa. Wannan ita ce hanyar da hujja ta fi ƙarfi a kanta. Tun a 1971 Safir da Boyer da Gerdemann suka nuna a Amurka cewa ruwa ya fi saurin ratsa waken soya mai maikoraiza, daga bisani kuma suka danganta hakan da ingantuwar cimar tsiron.

Akwai wasu hanyoyin. Ƙasa idan ta bushe takan tsuke, ta bar rata tsakaninta da saiwa, zaren kuwa yakan cike wannan rata. Yakan kuma ɗaure ɓarɓashin ƙasa ya zama dunƙule-dunƙule masu riƙe ruwa; a 1996 Sara Wright ta Ma'aikatar Noma ta Amurka ta bayyana wani sinadari mai danƙo da ake alaƙantawa da wannan aiki, mai suna gulomalin. A cikin tsiron kansa, an sha ganin ƙananan kafofin ganye suna jimawa a buɗe, ganye yana tara sinadaran da ke hana shi yaushi, yana kuma saurin farfaɗowa bayan an yi ban-ruwa.

Inda masana suka rabu shi ne yawan ruwan da zaren ke ɗaukowa da kansa zuwa saiwa. An tabbatar yana ɗaukowa, amma da yawa na ganin adadin kaɗan ne idan aka gwada da abin da ganye ke fitarwa kullum. Mai cewa maikoraiza za ta maye gurbin ban-ruwa ya wuce abin da bincike ya nuna. Abin lura kuma, mafi yawan gwaje-gwajen a tukwane aka yi su, da ƙasar da aka kashe ƙananan halittun cikinta, inda bambanci kan fito fili fiye da yadda yake a gona.

Misalin fikan

Fikan, Carya illinoinensis, ɗan asalin kwarin kogin Misisifi da arewacin Meziko ne, yau kuma ana nomansa har a busassun yankuna kamar Niyu Meziko ta Amurka da Chihuahua ta Meziko, inda ruwa ke da tsada. Saiwarsa ba ta da gashi irin na yawancin tsirrai, don haka ya dogara sosai ga naman gwari wajen tsotsar ma'adanai; ga shi kuma bishiya ce da ƙarancin zink ke yawan damunta. Cikin abokan zamansa akwai Pisolithus da Scleroderma da kuma Tuber lyonii, wanda ke yin wani curi a ƙarƙashin ƙasa da ake ci, ana kuma sayar da shi da daraja a jihar Jojiya ta Amurka. Irin wannan curi ne ya sa ake shafa wa saiwar dashen hezilnot naman gwarin Tuber melanosporum a Faransa da Sifaniya tun yana gidan reno.

Gidan reno da gona

Dashe kan rasa abokin zamansa a hannun ɗan Adam. A shekarun 1970 an lura a Kalifoniya cewa dashen lemo yana tsumburewa a gidajen renon da aka yi wa ƙasarsu feshin maganin ƙwari mai suna metil buromayid, domin maganin ya kashe naman gwari mai amfani tare da mai cutarwa. Yawan takin fosfaras ma yana sa tsiro ya rage karɓar naman gwarin, haka nan huɗa mai zurfi tana tsinka zaren, barin fili fayau babu ciyawa kuma yana kashe shi da yunwa, sannan wasu magungunan fungas suna taɓa shi.

Ana sayar da garin maikoraiza a kasuwa, sai dai gwaje-gwaje masu zaman kansu sun sha gano cewa da yawa daga cikin kayan ba su da ƙwayar iri mai rai. Sawa ta fi amfani a gidan reno, ko a ƙasar da ta lalace ko aka yi wa feshi, kuma dole garin ya taɓa saiwa lokacin dashe. A gonar da ke da lafiya, nau'o'in naman gwari na asali suna nan tun da farko, kuma sau da yawa sun fi na kasuwa sabawa da zafin wurin. Masu renon yazawa a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma na iya haɗa ƙasar leda da ɗan abin da aka ɗebo daga gindin bishiya mai lafiya, muddin an tabbatar wurin ba shi da cutar ruɓewar saiwa.